Idan Magani Ya Zo da Nasa Ciwon

 Yau shirin ya yada zango a Wurno, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, kan wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa: abin da maganin cuta mai karya garkuwar jiki kan jawo wa mai shansa, da wanda ya kamata ya ji labari.

Binciken ƙasa na 2018 ya sa Jigawa cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kusan mutum 3 cikin 1,000. Abin godiya ne. Sai dai inda masu ita ba su da yawa, ɓuya ta fi tsanani. Mutumin Wurno ko Gwaram zai je Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu ya karɓo magani, wani ma ya zarce Dutse don kada a gane shi. Ya dawo gida, jiri ya kama shi, barci ya ƙaurace. Wa zai faɗa wa? Sai ya leƙa kemis, ko ya jiƙa sassaƙe, ko ya tura kwalbar ƙarƙashin katifa ya daina sha. Wannan na ƙarshen shi ne babbar asara, don ƙwayar cutar kan farfaɗo, wani lokaci ta daina jin maganin.

Waɗanda suka daɗe a kan magani ba su manta stavudine ba. Kumatu su lotsa, ƙafafu su yi ta zugi kamar ana taka garwashi. Zidovudine kan shanye jini. Nevirapine kan fesar da ƙuraje, a wasu har fata ta saluɓe. Efavirenz kuwa mafarkai yake kawowa masu firgitarwa, har mutum ya ɗauka iska ce ta taɓa shi. Koke-koken marasa lafiya da aka rubuta aka tara suna cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye stavudine a ƙa'idojinta na 2010.

Yanzu galibi ƙwaya ɗaya ake sha a rana, wadda ake kira TLD, kuma ta fi na baya sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka tana iya hana barci ko ƙara ƙiba, sannan tenofovir da ke cikinta kan taɓa ƙodar wasu a ɓoye, sai gwajin jini ya tona. Ga inda gizo ke saƙar: magani kyauta ne, gwajin kuwa yana son wuta da sinadari, sau da yawa har da kuɗi. Inda na'ura ta yi nisa, bakin mara lafiya ne ɗakin gwaji.

Uwargida mai juna biyu, ga taki: ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo tana rage ƙarfin TLD idan aka haɗa su ba abinci a ciki. Ki tambayi malamar asibiti yadda za ki raba lokacinsu.

To, in an faɗa, ina maganar take zuwa? Hukumar kula da magunguna, NAFDAC, tana da fom ruwan ɗorawa da ma'aikacin lafiya zai cike: sunan magani, ranar da aka fara, abin da aka gani. Ba sai ya tabbata maganin ne ba, zato ma ya isa. Daga nan sai Abuja, sai cibiyar tattara irin waɗannan rahotanni da ke Uppsala a ƙasar Suwidin, inda Najeriya ke aika rahoto tun 2004. A 2020 aka ƙaro manhajar waya mai suna Med Safety. A takarda komai ya tafi daidai. A zahiri, ma'aikaci ɗaya da layi har bakin ƙofa, fom kuma da Turanci, ba abin mamaki ba ne a canza wa mutum magani a sallame shi, fom na kwance a aljihun tebur. Shi ya samu sauƙi, amma na bayansa ba su ƙaru da komai ba.

Malam, idan idanu suka koma kamar na mai shawara, ko ƙuraje suka fito tare da zazzaɓi, ko ƙafafu suka kumbura fitsari ya ragu, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Ka tafi da kwalbar, ka haɗa da duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya, ka kuma tambayi jami'in ko ya cike fom ɗin.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.