Gyaran Zuciyar Ɗan Tayi Kafin Haihuwa: Bayani da Matsayinsa a Ƙasar Kusada da Kankiya

1.0 Gabatarwa

Tawayar zuciya ita ce mafi yawa a cikin nakasar da ake haifar jarirai da ita, domin kusan jariri 1 cikin 100 yakan zo da ita. A bakin jama'a akan tara nau'o'inta duka a ƙarƙashin suna ɗaya, wato "huda a zuciya", alhali huda ɗaya ce kawai daga cikinsu. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda likitoci suke gyara wasu nau'o'in tun ɗan tayi yana ciki, sannan ta auna abin da wannan ilimi yake nufi ga mai juna biyu a Kusada da Kankiya.

2.0 Zuciyar Ɗan Tayi

Zuciya takan fara bugawa a wajen kwana na 22 da shigar ciki, ta kammala siffarta ta ɗakuna huɗu a mako na 8. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, daga mabiyiya yake samun iskar oksijin. Saboda haka akwai ƙofa tsakanin ɗakunan sama biyu, da kuma gajeriyar jijiya mai haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki. Ta waɗannan hanyoyi biyu jini yake kewaye huhu. Shi ya sa ɗan tayi mai mummunar tawaya yakan rayu lafiya a ciki. Bayan haihuwa gajeriyar jijiyar takan rufe cikin 'yan kwanaki, sai jariri ya daina kama nono, leɓensa da harshensa su yi shuɗi, wani ma ya rasu kafin ranar suna.

3.0 Yadda Ake Aikin

Hujjar yin aiki tun a ciki ita ce, ɗakin zuciya da gudanar jini yake girma. Idan bawul ɗin babbar jijiya ya tsuke, ɗakin hagu yakan tsumbure, a haifi jariri da rabin zuciya mai aiki. Buɗe bawul ɗin da wuri yana iya ba ɗakin damar ci gaba da girma.

Ba a tsaga cikin uwa. Tsakanin mako na 20 da na 30 galibi, akan kashe wa uwa da ɗan tayi zafi, sannan a soka siririyar allura ta cikin uwa da mahaifa har cikin zuciyar, ana bin ta da na'urar hoton ciki. Ta cikin allurar ake zura ɗan ƙaramin balan-balan, a hura shi a bakin bawul. Haka ake yi wa bawul ɗin jijiyar huhu, haka kuma ake huda bangon ɗakunan sama idan ƙofarsa ta toshe. Akwai kuma hanya mai sauƙi: idan bugun zuciyar ɗan tayi ya yi sauri fiye da kima, uwa ake ba magani irin su digoxin, ya isa gare shi ta mabiyiya.

Likitocin asibitin Guy's da ke Landan, wato Maxwell da Allan da Tynan, su suka fara ba da rahoton aikin balan-balan a 1991. Asibitin Yara na Boston a Amurka ya kafa shirinsa a 2000, birnin Linz na Ostiriya ma ya yi fice a kai. Aikin yana da haɗari: jini yana iya taruwa a kewayen zuciya, bugunta ya ragu, kuma akan rasa kusan ɗan tayi 1 cikin 10. Yawancin waɗanda suka tsira sukan buƙaci wani aikin bayan haihuwa.

4.0 Matsayinsa a Kusada da Kankiya

Nijeriya ta yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Inugu a 1974, amma aikin ɗan tayi ya taƙaita ga cibiyoyi ƙalilan a duniya. Abin da ya fi kusa da mai ciki a Kusada shi ne gano matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa a je awo sau 8, a kuma ɗauki hoton ciki kafin mako na 24. A nan al'ada take shigowa. Kunyar cikin fari da ɓoye ciki har sai ya fito sukan sa mace ta fara awo bayan wannan lokaci ya wuce. Idan kuma aka yi ta rasa jarirai a ɗaki ɗaya, sai a ce wabi ne, ba a nemi sanadi ba.

Ganowa da wuri tana da amfani ko ba a yi aikin allura ba. Tana ba iyali damar shirya haihuwa a inda likitan yara yake, ta hanyar turawa daga Babban Asibitin Kankiya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Akwai maganin da yake hana gajeriyar jijiyar rufewa har a kai ga tiyata, amma sai an san da matsalar ake tanadarsa. Rigakafi ma yana hannu: kula da ciwon sukari kafin ɗaukar ciki, da allurar rubella, da guje wa shan magani barkatai a watannin farko. Auren zumunci na kusa shi ma yana ƙara yiwuwar tawayar.

5.0 Kammalawa

Akwai aiki a gaban masana Hausa. Miji da mata ba za su amince da turawa zuwa Kano a kan abin da ba su fahimta ba, kuma "huda a zuciya" ba ta bambance tsukewar bawul da tsumburewar ɗaki. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa kai da Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya wajen daidaita waɗannan kalmomi, a gwada su a bakin ungozomomi da ma'aikatan awo kafin a shigar da su ƙamus.