Zanen karkara a tablet ko da fenti: Abin da ya fi tsaya wa mai zane a rai a arewacin Zamfara

Duk wanda ya san hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi a ƙarshen damina ya san akwai abin zanawa: gero ya sunkuya, Gulbin Gagare ya cika, ga kuka da giginya jefi-jefi, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929. Matashin da ke son mayar da wannan fili hoto yana da zaɓi biyu a yau: fenti da buroshi, ko kwamfutar hannu ta tablet da alƙalaminta.

Ta fuskar aljihu, tablet na da tsada sau ɗaya, fenti kuma kullum. Mai fenti sai ya sayi launuka, ƙyalle ko katako, da kananzir na wanke buroshi, kuma idan ya yi kuskure sai ya jira ya bushe kafin ya rufe. A hunturu ƙura kan manne wa ɗanyen fenti ta dusashe shi. A tablet kuwa, taɓawa ɗaya ta isa a goge kuskure. Ana jera zanen hawa-hawa, sararin sama daban, gona daban, itatuwa daban, ta yadda za a iya sauya hasken la'asar zuwa na hantsi ba a taɓa sauran ba. Manhajar Procreate, wadda ta fito a 2011, ba ta aiki a Android, amma akwai irin su ibisPaint da ake saukewa kyauta, har a waya.

Sai dai na'urar na da nata sharaɗin: caji da intanet. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu halin tura hoto ko ɗaya. Zanen da ke bayan babbar mota ko a bangon shago bai san an yi ba.

Amma wannan duk ƙaramar magana ce. Zanen karkara sana'ar ido ce, kuma ido sai ya je wurin. David Hockney, fitaccen mai zane ɗan Ingila, ya yi zane 116 a iPad a 2020, aka baje su a Landan a shekarar da ta biyo. Abin da ake yawan mantawa shi ne a lambun gidansa na Normandi a Faransa ya yi su, yana duban itatuwan suna toho kullum. Na'urar ta sauya masa buroshi ne kawai.

A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda manoma da dama suka bar gonakinsu na nesa saboda garkuwa da mutane da harajin 'yan bindiga, wa zai zauna awa uku a bakin Gulbin Bunsuru yana kallon ruwa? Ga shi kuma a yankin da ake fama da masu kai wa 'yan daji rahoto, baƙon da ya ɗaga na'ura yana duban daji na iya jawo wa kansa zargi.

Abin da ya rage shi ne zane daga cikin ɗaki, da tsofaffin hotunan waya da abin da aka riƙe a ka. A nan tablet ta yi rana, domin ana iya ɗora hoton a ƙasa a bi shi. Haɗarinta shi ne sauƙin kwafo daga intanet: tsaunuka masu ƙanƙara da tafkunan Turai sun fi gonar Moriki yawa a can. Kuma wanda bai tashi a gona ba zai iya cika gawo da ganye a tsakiyar damina, alhali kowane manomi a Zurmi ya san a lokacin ne gawo ke kaɗe ganyensa, sai rani ya yi kore.