Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Agogon Hannu



A hutun da ya wuce kakata ta buɗe adakar marigayi kakanmu a Kabo don a shanya riguna. Can ƙasa cikin wani tsumma sai ga agogon hannu, gilashinsa duk ya goge, hannayensa sun tsaya cik. Ta ce shi ne wanda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali. Baffana ya ce tun da ya mutu, a ba yara su yi wasa da shi. Ni kuwa na roƙa aka ba ni, na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Gwarzo. Yau ga shi a hannun babana yana aiki. Abin da na koya wajen dattijon nan shi nake so in bayyana muku, domin na tabbata gidaje da yawa akwai irin wannan agogo a ajiye.

A shekarun 1970 agogon hannu abin ado ne na manya. Alhazai sukan zo da shi tsaraba, ma'aikata kuma da aka biya su kuɗin Udoji a 1975 da yawa sun sayi agogo da rediyo da babur. Akwai Seiko da Citizen na Japan, akwai Rado da Oris da West End na Siwizalan. Amma tun ran 25 ga Disamba, 1969 kamfanin Seiko ya fara sayar da agogon hannu mai batir irin na kwatz. Sannu a hankali mai batir ya yi araha ya cika kasuwa. Da wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, sai kowa ya koma duba lokaci a waya. Dalilin da ya sa agogunan iyayenmu suka koma adaka ke nan, masu gyara kuma suka yi ƙaranci.

Tsohon agogo ba shi da batir. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga wani dogon sifirin da ke naɗe cikin ɗan gwangwani. In an yi masa wani, sifirin ya ɗaure, sa'an nan ya riƙa warwarewa kaɗan-kaɗan yana tura waɗansu ƙananan ƙafafu masu haƙora, su kuma su juya hannayen agogo. Abin da ke hana shi warwarewa gaba ɗaya shi ne wata 'yar ƙafa mai kai-da-kawo, wadda masu gyara ke kira balans. Tana da nata sifirin siriri kamar gashin kai. Ita ce zuciyar agogo. A agogon kakana, watau Seiko 5, tana bugawa sau 6 a daƙiƙa, sau 21,600 a awa, sau 518,400 ke nan a kwana guda. Shi wannan ba ya bukatar wani da yatsa, domin akwai wani ƙarfe mai nauyi a bayansa da ke juyawa in mutum ya motsa hannu, shi ke ɗaure sifirin.

A fuskar agogo za ka ga an rubuta juwel 17 ko 21. Waɗannan 'yan jajayen duwatsu ne da ƙafafun ke juyawa a kansu don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Mutane sukan ce masu gyara suna sace su. Gaskiyar magana yaƙutu ne da ake ƙerawa a masana'anta, ba su da wani kuɗi, agogo kuwa ba zai yi tafiya daidai ba in an cire ko da ɗaya.

Da na miƙa wa dattijon agogon na ce, "Baba, ko zai tashi?"

Ya ce, "Yaro, agogo bai cika mutuwa ba, sai dai ya suma. Ka girgiza shi ko ka ɗiga masa wani abu?"

Na ce a'a. Ya ce, "To, ka taimake shi."

Ya bayyana mini cewa abokan gaban agogo huɗu ne. Na farko ƙura, musamman ta hunturu, wadda ke shiga ta gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe kamar yashi. Na biyu ruwa, ko na alwala ko gumi ko laimar damina, domin robar da ke toshe murfin baya takan bushe in ta tsufa, ruwa ya shiga ya haifar da tsatsa. Na uku bushewar mai, ko da agogo yana ajiye ba a taɓa shi. Na huɗu maganaɗisu, irin wanda ke cikin lasifikar rediyo, wanda kan sa siririn sifirin ya manne da juna, agogo ya riƙa gudu fiye da kima.

Gyaran kirki kuwa ba ɗiga mai ba ne a rufe. Sai da ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashi a ido, ya ɗauki hantsaki da 'yan sukundirebobi, ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Ya wanke kowane ƙarfe da ruwan wankin agogo, ya bari ya bushe, ya duba haƙora da duwatsu ko akwai wanda ya fashe. Sa'an nan ya mayar, yana sa mai da bakin wata 'yar allura, ɗigon da da ƙyar ido ke gani. Ya ce man agogo daban yake. Man keken ɗinki, ko man gyaɗa, ko kananzir, duk ɓata agogo suke yi. Agogon da ake ɗaurawa kullum yana son irin wannan wanki kamar bayan shekara biyar-biyar.

A nan ne aka gano tsatsa ta ci sifirin balans, dole a sake shi. To, neman kayan gyara shi ne babban aiki, domin kamfani ya daɗe da daina ƙera wannan inji. Abu na farko shi ne a san lambar injin, ba sunan agogo kaɗai ba. A bayan Seiko akwai lambobi huɗu, da ɗan layi, da waɗansu huɗu. Huɗun farko na inji ne, na biyun na gidan agogo. Namu 6309 ne, injin da aka fara ƙerawa a 1976. Akwai kuma wata lamba mai guda shida: ta farko tana nuna ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu wata. In ta fara da 78, to, watan Agusta ne na shekarar da ta ƙare da 7, kamar 1977. Agogunan Siwizalan kuwa sau da yawa sai an buɗe a ga alama da lamba kusa da balans, kuma kamfanoni daban-daban sukan yi amfani da inji iri ɗaya.

Hanyoyin samun kaya uku ne. Akwai gwangwanayen tsofaffin masu gyara, inda suke tara matattun agoguna shekara da shekaru. Akwai sayen wani mataccen agogo mai lamba iri ɗaya a ciri abin da ake so. Akwai kuma saye ta intanet, amma a nan sai an yi hattara, domin akwai agogunan haɗin gambiza da ake sake wa fenti a haɗa da kayan da ba nasu ba. Mu hanya ta biyu muka bi. Babana ya rubuta lambar a takarda ya tafi da ita kasuwar Sabon Gari a Kano. Tafiyar farko bai dace ba, sai a ta biyu ya sami wani mai fasasshiyar fuska amma balans ɗinsa lafiya lau. Gilashi da robar murfi ba su yi wuya ba, tun da awo ake yi a sa sababbi. Bayan an haɗa, dattijon ya riƙe agogon mako guda yana gwada shi da lokacin labarun rediyo, yana ɗan matsa masaitin balans har ya daidaita.

Ga 'yan shawarwari ga wanda ya tsinci irin wannan a gida. Kada ka tilasta masa tafiya kafin a wanke shi. Kada ka ɓamɓare murfin da wuƙa. Ka rubuta lambobinsa kafin ka ba da shi, ku yi ciniki tun farko, kuma ka ce a mayar maka da duk abin da aka cire. Kada ka yarda a sake wa fuskarsa fenti ko a cire injin a sa mai batir, domin in an yi haka ba agogon kakanka ba ne kuma. In agogon ya girmi shekarun 1960 kuma lambobinsa masu haske ne da dare, kada a kankare su, domin a da akan yi fentin da radiyam, wanda ƙurarsa ke da haɗari ga lafiya.

Ranar da muka kai wa kakata agogon, ta kara shi a kunne ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta yi wa marigayi addu'a. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya dame ni shi ne dattijon nan idonsa ya fara rauni, kuma ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyo. Ni dai na nemi izinin babana zan riƙa zuwa wurinsa ran Asabar in an yi hutu. Iyaye, a duba adaka. 'Yan'uwa, wanda ke da haƙuri da natsuwar hannu, ga sana'a tana jiransa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.