Waƙa da Ciwon Zamani: Abin da Ƙofar Dumi Ta Gada

Duk wanda ya san Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, ya san unguwa ce ta majalisu, inda mutane kan zauna bayan la'asar ko bayan isha'i a taɓa hira. Majalisun suna nan, amma hirar ta ragu. Sau da yawa za a ga samari biyar a benci ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, zuciyarsa na can wata duniya. Rarrabuwar hankali, kaɗaici a tsakiyar jama'a, damuwar da mai ita ya kasa faɗin sunanta, su ne ciwon wannan zamani, kuma daga cikinsu wasu ke zarcewa zuwa shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin. Ra'ayina shi ne rubutacciyar waƙa tana cikin magungunan wannan ciwo, kuma Bauchi ba ta buƙatar aro ta daga ko'ina.

Dalili na farko yana cikin ginin waƙar kanta. Baiti yana da kari da amsa-amo, ba ya karantuwa da gaggawa. Mai rera ƙwar biyar dole ya daidaita numfashinsa, ya riƙe ɗango na farko a ka har ya kai na biyar, kunnensa na jiran harafin da zai rufe baitin. Wannan horo ne ga hankalin da bidiyon daƙiƙa talatin ya saba wa tsalle-tsalle. Abin da aka haddace kuma ya zama na mutum, yana tare da shi ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko yana kwance a gadon asibiti. Magabata sun san haka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, waƙa ta ba jajis ɗinta, wato matan da ta horar don koyarwa, su kai wa matan karkara, domin ta san baiti ya fi zube zama a zuciya, kuma marsiyyoyinta sun nuna yadda ita kanta ta riƙa sauke nauyin rashi ta hanyar tsara shi. Haka Burda, da ake rerawa a gidajenmu har gobe, ana ruwaito cewa Busiri ya tsara ta ne yana fama da shanyewar jiki.

Dalili na biyu ya fi shafar Bauchi kai tsaye. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya koyar da ilimin tsabta da kiwon lafiya a Zariya kafin ya dawo gida, saboda haka ya san bambancin ciwon jiki da ciwon al'umma. Da ya tashi magance na biyun, waƙa ya ɗauka. A Waƙar Bidi'a ya tunkari camfi da al'adun da ke cin dukiya da hankalin talaka, a Maraba da Soja ya tarbi waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuma ya gargaɗi masu mulki tun kafin 'yancin kai. Abin lura shi ne bai yi wannan aiki shi kaɗai a ɗaki ba. A shekarun 1940 yana cikin zauren muhawara na Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake zama ido da ido a faɗi abin da ke damun mutane. Mu'azu Haɗeja ma ya yi Waƙar Giya a kan mashaya na zamaninsa. Matashin da ya ji an tsara damuwarsa cikin baiti, a gaban tsaransa, ya gane cewa ba shi kaɗai ba ne, kuma wannan ganewa ita ce rabin sauƙi.

Za a ce waƙa ba ta cika ciki, kuma gaskiya ne. Ba ta samar da aikin yi, ba ta maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa, kuma wanda ƙwaya ta riga ta kama asibiti yake buƙata. Sai dai masu yunwa ba su taɓa daina waƙa ba. Mata na yin ta a bakin turmi, manoma a gayya, kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi, makaho ɗan Zariya, a bakin mabarata da talakawa ta fi yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a rahotonta na 2019 da ya duba bincike sama da 3,000, ta amince cewa fasahohi irin wannan suna da gurbi a rigakafi da jinya. Za a kuma ce waƙar yau ta koma roƙo da bangar siyasa, wasu na zuga matasa da ita. Wannan suka tana da nauyi, amma tana tabbatar da ƙarfin waƙa ne, domin abin da ba ya ratsa zuciya ba wanda zai biya kuɗi a yi masa shi. Idan an bar fagen ga maroƙan zaɓe, laifin na waɗanda suka janye ne.

Aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Malaman Hausa a makarantun Bauchi su daina koyar da waƙa a matsayin tambayar jarrabawa kawai, su sa ɗalibai su rera, su haddace, su tsara nasu. Jami'ar da ke Gadau, mai ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, ta fito da ɗalibanta cikin unguwanni. Dattawan Ƙofar Dumi da ke da waƙoƙin wa'azi da bege a ka, su ware dare ɗaya a mako, su kira samarin majalisa, a ajiye waya a saurara.