Tsufa da saran itace

Kowace safiya, a Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, hayaƙi na tashi daga gidaje. Ana dama koko, ana ɗora tukunya. Mafi yawan gidajen ƙasarmu da itace suke girki. Itacen nan kuwa ba shi kawo kansa. Wani ne ya tafi daji, ya sara, ya faskara, ya ɗaure, ya kawo.

Da yawa cikin masu wannan aiki ba yara ba ne. Samari sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu Abijan. Dattawa aka bari a gari. Mutum ya kai shekara 60, furfura ta rufe kai, amma gatari na kafaɗa, don iyali na jiran abinci. Ba ya iya barin aikin, kuma ba ya iya yin shi kamar da. To, ina dabara?

Dabarar ita ce: in ƙarfi ya ragu, sai a ƙara kula. A kula da jiki, a kula da kayan aiki.

Jiki ba shi zama yadda yake

In shekaru sun yi yawa, naman jiki yana raguwa. Gwiwa da baya suna ciwo. Ido ba shi gani sosai. Rauni kuma yana daɗewa bai warke ba. Wannan ba abin kunya ba ne, haka Allah ya yi ɗan Adam. Amma wanda ya ƙi yarda, ya ce sai ya yi aikin saurayi, shi ne ke kwanciya wata guda saboda aikin yini ɗaya.

Ga abin da ya kamata dattijo ya kiyaye.

Ka fita da sassafe, ka dawo kafin rana ta take. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Wannan zafi yana iya kada saurayi, balle tsoho.

Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, ko da jikinsa na bukatar ruwa. Ka tafi da gora, ka riƙa kurɓa.

In za ka ɗaga gungume, ka durƙusa, ka jawo shi kusa da jikinka, ka miƙe da ƙarfin ƙafafu. Kada ka sunkuya ka fizgo shi da baya. Nauyin da ya fi ƙarfinka yana ɓata baya, yana kuma tsananta ƙaba. Dami biyu ƙanana sun fi babba guda. In akwai jaki ko amalanke, a bar musu kayan.

Kada ka tafi daji kai kaɗai. Ka tafi da ɗa, ko jika, ko maƙwabci. Kafin ka sa hannu cikin tarin itace, ka motsa shi da sanda, saboda maciji da kunama.

In ka ji jiri, ko ƙirjinka ya ɗaure, ko numfashi ya yi wuya, ka ajiye gatari nan take. Ka zauna a inuwa. In ka koma gida ka tafi likita a auna jininka. In kuma ka yanke, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka je a duba ka. Rauni mai datti yana kawo tetanos, ciwon nan mai sanƙarar da jiki da ɗaure haƙora. Akwai allurar rigakafinsa.

Gatari mai kaifi

Dakusasshen gatari ƙarfin mai shi yake ci. Inda mai kaifi zai yi sara uku, shi sai ya yi goma. Kuma shi ne ke zamewa ya sami ƙafa. Saboda haka ka wasa gatarinka a dutse kafin ka fita. In bakin ya lalace, ka kai wa maƙeri ya koɗa maka. Ka duba ƙota kullum. In ta tsage, ko ruwan gatarin yana girgiɗi, ka sake ta tun bai fita ya yi ɓarna ba.

Wajen faskare, ka dubi gungumen tukuna. Kowane icce yana da tsagarsa. Ka bi ta, ka kauce wa gaɓa. Ka buɗe ƙafafunka, don in gatari ya kuskure ya faɗi ƙasa tsakaninsu. Nan ne tsoho ya fi yaro. Yaro yana dukan icce, tsoho yana karanta shi.

In akwai inji

A birane da manyan garuruwa ana samun injin yankan itace. Da shi ake kada tsohon bedi in ya zama haɗari ga gida, da shi ake yanka manyan gungume. Sanannu biyu su ne Stihl, na ƙasar Jamus, da Husqvarna, na ƙasar Suwidin. Sabo yana da tsada, kayan gyara kuma ba ko'ina ake samu ba. Don haka wanda ya mallaki tsohon inji, riƙe shi da kyau ya fi masa. Abu 5 ne ran inji: mai, iska, wuta, haƙora da ajiya.

Na farko, mai. Wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Cikin fetur ake gauraya man da ke sa cikinsa santsi. In ka zuba fetur zalla, cikin ƴan mintoci inji zai ƙone, ya kafe. Ka nemi man da aka yi domin irin wannan inji, wanda aka rubuta 2T a jikin gwangwaninsa. Yawancin injuna suna son mililita 20 na mai a cikin lita 1 ta fetur. Bido mai lita 5 ke nan zai ci mililita 100. Wasu tsofaffin injuna an yi su ne don mililita 40 a lita 1. Ka tambayi makaniki wane ne naka. Kada ka auna da ido. Sirinji mai lamba yana yi, ga shi yanzu ka iya karanta lamba. Ka girgiza bidon kafin ka zuba. Fetur na kwalba, wanda ake saidawa bakin hanya, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta, don ƙwayar rairayi ɗaya tana iya toshe karbirato.

Na biyu, iska. Inji yana numfashi kamar mutum. Yana da matacin iska ƙarƙashin murfinsa. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, balle lokacin hunturu. In matacin ya toshe, inji yana rasa ƙarfi, yana shan mai da yawa. In ya huje, ƙura tana shiga ciki ta cinye ƙarfe. Ka buɗe shi bayan kowane aiki, ka kakkaɓe. In irin wanda ake wankewa ne, ka wanke da ruwan sabulu, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar.

Na uku, wuta. Buji shi ke ba da wuta. In inji ya ƙi tashi, shi za ka fara dubawa. Launin bakinsa yana ba da labari. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko matacin iska ya toshe. In fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima, ka tsaya ka kai shi gyara. Ka ajiye buji guda sabo, da igiyar tayarwa guda, cikin jakarka.

Na huɗu, haƙora. Sarƙar inji tana da haƙora, kowane ɗaya kamar ɗan ƙaramin gizago. Ka dubi abin da take zubarwa. In ɓarɓashi ne manya, tana da kaifi. In gari ne kamar na gero, ta dakushe. Mai kaifi da kanta take shiga icce. Dakusasshiya sai ka danna, kai ka gaji, inji ya yi zafi. Ana wasa ta da magagari mai zagaye, daidai da girman haƙoranta. Ka tura magagarin gaba kawai, ka yi wa kowane haƙori adadi ɗaya, sau uku ko huɗu. Babban abokin gabar sarƙa shi ne rairayi. Ka share ƙasar da ke jikin gungume, ka ɗora shi bisa wani icce, kada sarƙa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya.

Sarƙa tana da tankin manta daban. Duk lokacin da ka zuba fetur, ka cika shi ma. Ka duba ɗaurinta in inji ya huce: kada ta yi lilo ƙarƙashin ƙarfen da take zagayawa, kada kuma ta matse har hannu ya kasa jan ta.

Na biyar, ajiya. In inji zai yi wata guda ko fiye ba aiki, ka juye man da ke ciki, ka tayar da shi har ya mutu da kansa. Tsohon fetur yana zama danƙo cikin karbirato. Ka nannaɗe injin da buhu, ka rataye shi inda ƙura da yara ba su kai.

Inji ba shi da tausayi

Sarƙa tana gudun kusan mita 20 cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ta bambanta icce da ƙafa. Haɗari mafi muni shi ne in saman bakin injin ya taɓa wani abu. Nan take yake zabura sama, ya nufo fuska. Injunan zamani suna da birki mai tsayar da sarƙa. Wasu tsofaffi ba su da shi, wasu nasu ya lalace. Dattijo kuwa hannunsa ba ya sauri kamar da.

Saboda haka: ka tayar da inji a ƙasa, ka taka maƙamarsa ta baya da ƙafa. Ka riƙe da hannu biyu. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka. Kada ka hau icce ko tsani da shi. Kada ka sa babbar riga ko ka bar rawani yana lilo. Ka sa takalmi rufaffe da tabarau, ka toshe kunnuwa, don ƙararsa tana kurmantar da mutum sannu a hankali. In yatsunka sun fara mutuwa saboda girgiza, ka huta.

Kuma akwai ranar da ya kamata ka miƙa inji ga ɗanka. Kai ka wasa sarƙa, ka auna mai, ka nuna masa inda icce zai faɗi. Shi ya yi yankan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inji yana iya gama icce mai shekara 50 cikin mintoci kaɗan. Don haka kada ka kada icce ɗanye sai ka sami izinin ma'aikatan gandun daji. Wasu itatuwa, kamar gawo, doka ta kare su.

A kawo daji kusa da gida

Abin da ya fi gajiyar da tsoho ba saran ba ne, tafiyar ce. Daji ya yi nisa. Amma manoman ƙasarmu sun sami magani, shi ne sassabin zamani. A shekarar 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu. Maimakon ka sassabe duka, sai ka zaɓi rassa masu ƙarfi, biyu zuwa biyar, a kan kututturen sabara, ko kalgo, ko taramniya. Ka yanke sauran, ka kare waɗanda ka bari. Kowace shekara kana rage reshe, kana samun na girki, iccen kuma yana girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonaki kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa ta wannan hanya a Nijar. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raina haka.

Wanda ya fara sassabin zamani yana ɗan shekara 50, in ya kai 60 itacensa na cikin gonarsa. Ƴar adda ta ishe shi. In uwargida ta yi girki da murhu mai tattalin itace, irin su Mai Sauƙi, damin zai ƙara daɗewa.

Akwai kuma wata hanya. A shekarar 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen gari ke kula da dajinsu, su saida itacen da kansu. An yi su a yankin Say, an yi su a dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Irin wannan kasuwa tana bukatar mai auna itace, da mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Dattijon da ya san icce, ya kuma koyi karatu da lissafi, ya dace da wannan aiki. Gatari ya yi masa nauyi, amma biro bai yi ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon inji, in an kula da shi, yana aiki. Tsohon mai saran itace ma haka ne. Allah ya ba dattawanmu lafiya, ya sa su ga jikokinsu suna shan inuwar itatuwan da suka raina.

Tambayoyi

1. Don me ake son dattijo ya sha ruwa tun bai ji ƙishirwa ba?
2. In lita 1 ta fetur tana cin mililita 20 na mai, nawa lita 3 za ta ci?
3. Yaya ake gane sarƙa ta dakushe?
4. A garinku, su wa ke saro itace? Tafiyar awa nawa suke yi?
5. Waɗanne itatuwa ne ke tsirowa da kansu a gonarka?