Diyyar Horo da Ma'aikatan Kakuri

Diyya iri biyu ce a shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila. Akwai wadda ake biyan mutum domin a mayar masa da abin da ya yi hasara, akwai kuma wadda alƙali kan ɗora bisa wannan domin ya hori mai laifi, ya tsoratar da masu irin halinsa. Ta biyun ita ce diyyar horo, kuma ƙofarta ƙunci gare ta.

A shekarar 1964 alƙali Devlin na Ingila ya taƙaita ta ga abu uku: zaluncin ma'aikacin hukuma, cutar da aka yi da lissafin cewa ribarta za ta fi diyyar yawa, da kuma inda doka ta ambata. Kotunan Nijeriya sun ari wannan tsari, ko da yake sun ɗan sassauta shi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Darman zuwa Chadi a 1980, Babbar Kotun Maiduguri ta yanke a biya shi Naira 350,000, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage kuɗin.

To, amma saɓa yarjejeniya, a ƙa'ida, ba ya jawo wannan diyya. A nan ne gizo ke saƙar ga mutanen kudancin kogin Kaduna. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta kuwa suka yi shekara da shekaru suna jiran haƙƙoƙinsu, wasu har rai ya yi halinsa. Ma'aikaci irin wannan, ko ya ci shari'a, abin da yake bi kawai za a ba shi, watakila da ɗan ruwa a kai, alhali kuwa Nairar ta riga ta zube. Ke nan jinkiri riba ne ga wanda ake bi.

Masu gudun gyara sukan kafa hujja da Amurka, inda akan yanke diyyar da ta ninka hasara sau da yawa. Tsoronsu na da dalili, sai dai maganinsa ba wuya. Majalisa na iya kafa iyaka, a ce horon kada ya wuce ninki biyu ko uku na bashin, sannan ta ba Kotun Ma'aikata ikon ɗora shi kan wanda ya riƙe haƙƙin ma'aikaci da gangan, yana da halin biya.