Harajin Gida: Wa Yake Ɗaukar Nauyin, Mai Gida Ko Ɗan Haya?

A watannin farko na shekarar 2018 masu gidaje a Legas suka fara karɓar takardun harajin fili da gini, suka ga adadin da ba su taɓa gani ba. Wanda ya saba biyan abin da bai taka kara ya karya ba sai ya tarar an ninka masa sau da dama. Gwamna Akinwunmi Ambode ne ya sa hannu a kan sabuwar dokar a watan Fabrairu, ta maye gurbin ta 2001 wadda aka yi zamanin Bola Tinubu, wadda ita ce ta haɗe kuɗin hayar ƙasa da harajin gini na ƙananan hukumomi da kuɗin gyaran unguwa suka koma takarda guda. Abu biyu dokar ta yi a lokaci ɗaya. Ta ɗaga kason da ake karɓa, kamar na gine-ginen kasuwanci da ya tashi daga 0.394 cikin ɗari zuwa 0.76, sannan aka sake ƙiyasta darajar gidajen bisa farashin kasuwa na lokacin, bayan an daɗe ana aiki da tsohon ƙiyasi. Wannan na biyun ne ya fi yi wa mutane ciwo.

'Yan kasuwa da masu masana'antu suka koka, ƙungiyar lauyoyi reshen Ikeja ta fito zanga-zanga. Watan Maris bai ƙare ba sai da gwamnati ta ja da baya: ta rage kashi 50 ga gine-ginen kasuwanci, kashi 25 ga masana'antu da gidajen da mai su ke zaune tare da 'yan haya, kashi 15 ga gidan da mai shi kaɗai ke ciki. A 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta soke dokar, ta koma kan kason da ake karɓa kafin 2018.

Kada mu ɗauka labarin Legas ne kawai. 'Yan'uwanmu da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12 mafi yawansu a gidan haya suke, a shagon haya suke neman abinci. A gida kuma, jihohinmu sun duƙufa neman kuɗin shiga, Kaduna da Kano sun kafa hukumomin rajistar filaye ta kwamfuta, kuma duk gwamnatin da ta san gida nawa ne a gari da sunan mai kowane gida, ba za ta daɗe ba ta fara lissafin abin da za ta samu a kansu. Dalili a bayyane yake: ɗan kasuwa na iya ɓoye cinikinsa, makiyayi na iya ƙetarawa da shanunsa, amma gida yana nan inda aka gina shi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne haraji mai nauyi yana rage farashin gida, ba ƙara shi yake yi ba. Mu ɗauki misali na lissafi. Ga gida yana kawo hayar naira miliyan 2 a shekara. Mai saye yana son kuɗinsa su dawo cikin shekara goma, don haka zai taya shi miliyan 20. Sai aka ɗora wa gidan harajin naira dubu 200 duk shekara, mai gidan kuma ya kasa ƙara wa 'yan haya. Abin da ke shiga aljihu ya koma miliyan 1.8, mai saye kuwa ba zai wuce miliyan 18 ba. Takardar dubu 200 ce ta zo, amma miliyan 2 ne suka fita daga darajar gidan, domin mai saye yana cire harajin shekarun da ke gaba tun a wurin ciniki. Wanda ke riƙe da gidan ranar da aka yi dokar shi ya ɗauki asarar. Wanda ya saya daga baya ya samu ragi, sai dai ragi ne da zai riƙa mayarwa kowace shekara. Saboda haka magidancin da ya ga gida da araha a wani gari, ya fara tambayar nawa ake biya a kansa kafin ya yi murna.

To, idan mai gida zai iya ƙara haya fa? Nan ne maganar ta shafi talaka. A garin da ɗakuna suka yi yawa, masu nema suka yi kaɗan, ɗan haya zai kwashe kayansa ya koma gaba, nauyin ya zauna a kan mai gida. A gari irin Legas ko Abuja, inda mutum goma ke bin ɗaki ɗaya, ɗan haya ba shi da wurin zuwa, kuma shi zai biya, ko da takardar ba ta ɗauke da sunansa. Daga nan abin ya bi kasuwa. Mai shago ya ɗora a kan mudun shinkafa, tela ya ɗora a kan ɗinki, makarantar da ke hayar gini ta ɗora a kan kuɗin zango. Mutumin da bai mallaki ko taku ɗaya na fili ba sai ya wayi gari yana biyan harajin gida a wurare uku ko huɗu, bai sani ba. Akwai kuma illar da ba a ganinta sai bayan shekaru: idan ribar gina gidan haya ta ragu, masu kuɗi su karkata zuwa wata harka, sababbin ɗakuna su yi ƙaranci, haya ta ƙara tashi.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. A 1969 wani masanin tattalin arziki mai suna Wallace Oates ya yi nazarin garuruwa 53 a jihar New Jersey ta Amurka, inda harajin gida ne babban abin da ake gudanar da makarantun gwamnati da shi. Ya gano cewa hauhawar haraji tana rage darajar gidaje, amma kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibai yana ɗaga ta, har ɗaya ya kusa shafe ɗaya. Wannan ba ya buƙatar tafiya Amurka kafin a gane shi. Unguwar da aka shimfiɗa wa kwalta aka gina magudanar ruwa, farashin filinta yana tashi a shekarar. Matsalarmu ita ce magidanci ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi janareto, ya biya 'yan sintiri, ya biya mai kwasar shara, sannan a kawo masa takardar haraji. Wannan ya biya sau biyu, kuma darajar gidansa ragi kawai za ta gani.

Mafi munin abin da haraji ke yi shi ne idan ƙiyasin ya zama ƙarya. A birnin Detroit na jihar Michigan farashin gidaje ya faɗi warwas bayan rikicin kuɗi na 2008, amma hukuma ta ci gaba da lissafi da tsohuwar daraja, alhali tsarin mulkin jihar ya hana a ƙiyasta gida fiye da rabin farashinsa na kasuwa. Binciken da jaridar Detroit News ta wallafa a 2020 ya nuna an karɓi aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙa'ida daga masu gidaje tsakanin 2010 da 2016. Dubban iyalai sun rasa gidajensu a gwanjo saboda bashin haraji, kuma masu ƙananan gidaje ne abin ya fi shafa.

Magabatanmu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala, kalmar haraji ma daga Larabci muka aro ta. Lokacin da aka buɗe ƙasar Iraƙi, Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya aiki Usman bin Hunaif da Huzaifa bin Yaman su auna gonaki, da suka dawo kuma abin da ya tsananta tambaya a kai shi ne ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid kan haraji, ya fifita a karɓi wani kaso na amfanin da gona ta bayar a kan a yanka adadi tsayayye bisa faɗinta, domin kada shekarar fari ta haɗa wa manomi yunwa da bashi. A lura, duk wannan a kan ƙasa mai fitar da amfani ne. Gidan zama ba ya haihuwa. Bazawarar da ta gaji gidan mijinta a tsohuwar unguwa, gari ya cim mata, darajar filin ta ninka sau goma, a takarda attajira ce, a tukunya kuwa ba abin da ya canja. Idan aka lissafa mata haraji da farashin kasuwa, an tilasta mata sayar da gadon marayu ke nan. Dokar Legas ta 2018 ta keɓe 'yan fansho da ke zaune a gidajensu, ta keɓe wuraren ibada da maƙabartu, wannan abin yabo ne. Amma tsohon ɗan kasuwa ko tsohon direba da ƙarfinsa ya ƙare bai taɓa riƙe takardar fansho ba, halinsa bai bambanta da nasu ba.

Ba mu ce duk haraji zalunci ne ba. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa masu hali wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza biyan buƙata ta gaskiya, gwargwadon buƙatar, a kuma kashe shi a inda aka ambata. Waɗannan sharuɗɗa ne ma'aunin da ya kamata mu auna kowace sabuwar doka da shi, tun tana gaban majalisa, ba bayan takardu sun iso ƙofar gida ba.

Saura abin da ke hannunmu. Harajin da aka biya gwamnati ba ya sauke zakka, domin masu cin zakka an iyakance su. Gidan da mutum ke zaune ciki babu zakka a kansa. Gidan haya, zakkarsa a kan kuɗin hayar ne idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, ba a kan ginin ba. Wanda kuma ya sayi gida yana jiran farashi ya tashi ya sayar, a mazhabar Malikiyya zai fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar.

Tsakanin mai gida da ɗan haya kuwa, haya alkawari ne mai lazimta, kuma sharaɗinsa kuɗin ya zama sananne tun farko. Wanda ya karɓi hayar shekara ba shi da ikon dawowa a wata na biyar ya ce an ƙara haraji a cika masa. Ya jira ƙarshen wa'adi, ya sanar da wuri. Idan zai ƙara, ya duba takardar da kyau. Gida mai ɗaki goma da aka ƙara wa naira dubu 100 a shekara, rabon kowane ɗaki dubu 10 ne. Mun sha ganin an ƙara dubu 50 a kowane ɗaki ana cewa gwamnati ce, alhali dubu 400 daga ciki aljihun mai gida suka nufa. Ɗan haya yana da damar ya nemi ganin takardar, kuma a rubuta a yarjejeniya, gaban shaidu, wanda harajin ke wuyansa idan ya sake tashi.